Lemun Inna da Wutar Kwana Shida

Jama'a, ku taya ni murna, yau na yi sabuwar hula. Fara ce tas, irin mai bakin nan ta 'yan ƙwallo, an zana wata bishiya koriya shar a goshinta. Ba saya na yi ba. Kyauta aka ba ni a wani babban ofis mai hawa biyar, bayan na shafe awa huɗu ina hawa ina sauka da takardar koke a hannu. Abin da na je nema kuwa hasken rana ne, wanda Allah ya ba kowa kyauta, aka zo aka tare mana shi da ƙarfe.

Teburin farko suka ce maganata ta masu kula da allunan talla ce. Masu allunan talla suka ce allon da nake magana ba talla ba ne, wayar da kai ne, in haura sama. Masu wayar da kai suka ce su rubutun jikin allon kawai suka sani, ƙafafunsa na sashen ayyuka ne. Sashen ayyuka sun tafi taro. Daga ƙarshe wani masinja ya tausaya wa furfurata, ya shigar da ni gaban Mai Girma Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Ba da Shawara kan Harkokin Inuwa. Allah ya ƙara masa girma, mutumin kirki ne. Ya saurare ni tsaf da kunne ɗaya, ɗayan yana kan waya. Na roƙe shi a matsar da allon ko da kamu uku ne zuwa hagu. Ya ce maganar rana ba ta cikin jadawalin bana, amma za a kafa kwamiti. Sai ya buɗe wani kabad cike da huluna har sama, ya zaro ɗaya, ya ɗora min a ka da hannunsa mai albarka, aka ɗauke mu hoto.

To, bari in koma baya, don na san wasu za su ce wannan dattijon ya fara taɓuwa.

Muna zaune a hawa na uku, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Inna ta haura tamanin. Yanar ido ta rufe mata gani, gwiwoyinta sun daina shiri da matakala, don haka duniyarta yanzu ɗaki guda ce da taga guda. A bakin tagar nan akwai tukunya, a cikin tukunyar akwai ɗan lemun tsami wanda tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Inna tana kiransa Auta.

Ba lemun banza ba ne. A tsohon gidanmu akwai bishiyar lemo da marigayi Baba ya dasa da hannunsa. Shekara biyu da suka wuce aka zo aka shafa wa gidan jan fenti, wai za a faɗaɗa hanya. Ranar da katafila ta iso, mu muna ta jidar katifu da tukwane, Inna kuwa ta lallaba da sandarta ta tsinko lemo uku ta ƙulle a bakin zane. Ta shuka 'ya'ya bakwai a gwangwanin madara, guda ya fito. Bishiyar ta tafi, gidan ya tafi. Hanyar kuma, alhamdulillahi, tana nan tafe. Na leƙa wajen kwanan baya na tarar da awaki suna hutawa daidai inda ɗakin Baba yake.

Kullum safiya, kafin ta taɓa shayi, Inna sai ta ƙirga ganyen Auta da yatsu, daga ƙasa zuwa sama. Ta ɗan murza guda, ta kai hanci. Ranar da ya yi sabon ganye, za ka ga ta cinye abincinta har tana tsokanar maiɗakina cewa gishirinta ya yi yawa. Ranar da ganye ya faɗi, kwanon yadda aka kai haka ake ɗauko shi. Ni dai ba likita ba ne, amma na san abin da ke tayar da mahaifiyata daga kan gado da safe. In lemun nan ya mutu, ban san me zan sa mata a madadinsa ba.

Ganye talatin da ɗaya gare shi ranar da mutanen suka zo da motar ɗaga kaya. Wata huɗu ke nan. Suka haƙa ramuka, suka kafa ƙarafa, suka ɗaga wani allo mai tsayin gidanmu, suka tsayar da shi taku kaɗan daga bangonmu. Ta gaba, in ka tsaya a titi, za ka ga hoton Mai Girma Babban cikin Manya, ya sunkuya da butar ban ruwa, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a dasa bishiya miliyan ɗaya. Don masu wucewa su ga allon da kyau, sai da aka sare manyan itatuwa biyu da ke bakin titin. Wannan ai hikima ce, mu ne ba mu yi karatu mai zurfi ba. Mu kuma rabonmu bayan allon ne: baƙin ƙarfe da kusoshi. Tun daga ranar, ɗakin Inna ƙarfe sha biyun rana kamar magariba.

Auta ya fara miƙe wuya yana neman inda rana ta shiga. Ya rame, ya yi fari-fari, ya karkata gefe guda. Talatin da ɗaya ta koma ashirin da tara, ta koma ashirin da shida. Na gwada saukar da shi ƙofar gida da hantsi, akuyar maƙwabta ta yi masa gaisuwar ganye biyu. Saman rufi kuwa mai gidan haya ya garƙame da kwaɗo. Ita ma Inna ta ce in za a fitar da Auta, a haɗa da ita.

Nan ne Malamin Gona ya shigo maganar. A hawa na biyu yake, ya koyar da aikin gona shekara talatin da biyar, yanzu aikinsa shi ne zuwa tantancewa don ya tabbatar wa hukuma cewa yana raye. An tantance shi sau bakwai, har yau ana ɗan shakka. Ya hau ya duba Auta, ya ce ba ciwo ke damunsa ba, yunwar haske ce, kuma akwai fitilun LED da aka yi musamman don shuka a cikin ɗaki, ba su cin wuta sosai, ba su zafi kamar ƙwan fitilar da.

Ya zaunar da ni ya karanta min darasi kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce in sayi fara mai kama da hasken rana, kada in yarda da mai launin shunayya. Ya ce kada in kula da lambar da aka rubuta a gaban kwali, in juya fitilar in karanta ɗan ƙaramin rubutun da ke bayanta, nan ne ake faɗin ainihin wutar da take ja. In rataye ta taƙi biyu sama da kan shukar. In sa bayan hannuna daidai ganyen sama, in na ji ɗumi ya dame ni, to shukar ma ya dame ta, in ƙara ɗagawa. A kunna awa goma sha biyu zuwa sha huɗu, sannan a kashe a bar ta cikin duhu. Wannan ta ƙarshen sau biyu ya maimaita, har da buga yatsa a kan teburi. Ya ce shuka ma tana barci.

Na ce na ji. Wallahi kuma na ji, riƙewar ce ban yi ba.

A shagon kayan wuta, mai shago ya ajiye min kwali biyu a kan kanta. Na farko kwali ne ruwan ƙasa, ba hoto ba ado, an rubuta wat talatin a gefe da ɗan siririn rubutu kamar mai jin kunya. Na biyu kuwa, jama'a, sai wanda ya gani. Sheƙi yake yi. Ga hoton tumatir kamar kan jariri, ga wata baiwar Allah tana dariya a cikin lambu, ga WAT DUBU an rubuta da jan baƙi ya cika gaban kwalin. Mai shago ya jona ta, shagon ya rine da shunayya, ya ce irin wannan manyan manoma ke amfani da ita, in na sa wa lemona, kafin shekara sai na nemi mai taya ni tsinka.

Ku da kanku kun san wadda na ɗauka. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana jefa ƙuri'a ga duk wanda fostarsa ta fi girma, ba a shagon fitila zai canza hali ba.

Da na kawo, Malamin Gona ya dubi launin, ya dube ni. Ya juya fitilar, ya gyara tabarau, ya karanta ɗan rubutun baya. Wat ashirin da takwas.

Na ce, "Malam, sauran ɗari tara da saba'in da biyun fa?"

Ya ce, "Suna cikin kashi na biyu na aikin."

Ya ce tunda na riga na saya, a yi maneji da ita, amma in haɗa ta da taima, wato ɗan agogon nan da ake jonawa a soket, ya kunna ya kashe da kansa. Na sayo, na saita shi daga shidan safe zuwa takwas na dare, ina jin kaina wani injiniya. Abin da ba a gaya min ba shi ne, irin taimar da na sayo da wutar take tafiya. In an ɗauke, ita ma sai ta tsaya cak. A unguwarmu kuwa wuta baƙuwa ce, takan leƙo awa uku, in ta ga dama huɗu, ba ta da ranar zuwa ba ta da sallama. Cikin kwana biyu agogon ya rikice. Wuta za ta zo da tsakar rana, taima ta ce a lissafinta yanzu dare ne, ta hana fitilar kamawa. Ina tsaye ina kallon awa ukun da muka samu suna tsiyayewa, Auta yana cikin duhu, saboda wata 'yar roba ta yanke hukunci. Na cire ta na jefa a durowa.

Ai mu dama ba mu san kashe abu ba. Makunni a gidajenmu ado ne. Komai a kunne ake barinsa, fanka, rediyo, fitilar baranda, don ranar da aka kawo wuta gidan ya sanar da kai da kansa. Kashewa kuma ba aikinmu ba ne, akwai ma'aikata na musamman da ake biya albashi don su kashe mana, kuma a duk ma'aikatun da na sani su kaɗai ne ba su taɓa makara ba. Sai na ce to, masu wuta su zama taimata. Kuma tunda awa uku Auta zai riƙa samu a maimakon sha huɗu, na yi lissafin kaina na sauko da fitilar daga taƙi biyu zuwa yatsu huɗu, don ɗan abin da zai samu ya shige shi sosai.

Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Mako biyar ganye ko ɗaya bai faɗi ba. Har sababbi biyu suka fito, muka koma ashirin da shida. Inna ta dawo da tsokanar gishiri. Tela na ƙasan bene ya tare ni a matakala yana tambaya ko gidan rawa na buɗe, don da yamma tagarmu kan yi wani launi da ake hangowa daga gefen allon. Na tsaya na yi masa lacca a kan ja da shuɗin haske da abincin ganye, abin da ban fi mako shida da sani ba. Har na fara tunanin Malamin Gona karatunsa na da ne.

Sai aka yi shelar cewa Mai Girma Babban cikin Manya zai zo ƙaddamarwa. Ba bishiyoyin ba, allon. Aka share titi, aka shafa wa duwatsun gefen hanya farin fenti, wata babbar mota ta sauke tukwanen furanni aka jera tun daga kwana har gindin allon. Ranar Litinin da hantsi wuta ta zo. Azahar ta yi tana nan. Magariba ta yi tana nan. Gari ya waye tana nan, ko ƙiftawa ba ta yi ba. An ce Laraba zai zo, aka ɗaga zuwa Alhamis, aka sake ɗagawa zuwa Asabar, kuma ba wanda ya isa ya taɓa wutar, kada Mai Girma ya yi zuwan bazata ya tarar da unguwa yadda take.

Unguwa ta haukace. Maiɗakina ta goge kayanmu kaf, ta dawo ta goge labule, na kama ta tana kallon tsummokaran kicin da wata manufa. Duk mazubin da ke gidan an cika shi da ruwa an tura firji, muka tara ƙanƙarar da ba mu san abin da za mu yi da ita ba. Keken Tela bai huta ba. Masu janareto suka daina kwana a layin mai, har aka ga wasunsu sun yi ƙiba. Ba wanda ya kashe ko da fitilar banɗaki. Kashe wuta alhali akwai ta? Ai sai a ce ka raina ni'ima.

Ni kuma nakan tsaya a bakin ƙofar Inna, hannu a ƙugu, ina kallon fitilata tana zuba shunayya a kan Auta dare da rana. A raina ina cewa, ci, ɗan Baba, ci, ramuwar wata uku ce.

Ranar Laraba da safe Inna ta ƙirga ganye, ta daɗe hannunta yana kan na sama. Ta kira ni ta ce ganyen ya yi tauri kamar takarda, yana da ɗumi, bakinsa yana naɗewa. Ta ce Auta bai runtsa ba tun Litinin. Na sunkuya na duba. A ƙarƙashin wannan launi kowane ganye duhu-duhu yake, mai sheƙi, lafiya lau. Abin da Malamin Gona ya hango ke nan tun farko: fitilar shunayya ba ta nuna maka kore balle rawaya, mai lafiya da mai ciwo duk kamarsu ɗaya. Ni mai ido biyu ban ga komai ba. Sai na gyara murya na yi wa mahaifiyata bayanin kimiyya, na ce haske abincinsa ne, abinci kuwa ba ya yawa ga wanda ya sha yunwa.

Ita kanta a kwanakin nan fuskar bango take kwana, ta rufe ido da ɗankwali. Na ce a sa labule tsakaninta da fitilar. Ta ce, "Ni na saba da haƙuri. Shi bai saba ba. Ka kashe masa."

Na ce, "Inna, in muka kashe alhali akwai wuta, wa ya san ranar da za ta dawo? A bari ya tara."

Ta sake faɗa ranar Juma'a. Na sake cewa a bari ya tara. Malamin Gona da zai tsawata min ba ya nan, ya tafi tantancewa ta takwas, yana can a layi yana tabbatar da numfashinsa.

Asabar da hantsi jiniya ta cika unguwa. Na leƙa ta tagar matakala na ƙirga motoci talatin da ɗaya, na ce ikon Allah, daidai da ganyen Auta na da. Mai Girma ya fito, aka riƙe masa lema, ya yanka ƙyalle, aka miƙa masa buta ya ɗiga ruwa a ɗaya daga tukwanen aro, aka tafa. Minti goma sha ɗaya. Ƙarar jiniyar ƙarshe ba ta gama ɓacewa ba fankar falo ta fara rage gudu. Kafin la'asar babbar motar nan ta dawo ta kwashe furanninta, har da wadda aka yi wa ban ruwa.

Na shiga ɗakin Inna. Fitila ta mutu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. A wannan ɗan hasken na gaskiya na ga abin da na aikata. Ganyen sama sun koɗe sun yi fari fat, bakinsu ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, sun nannaɗe. Na tsakiya sun yi rawaya. Ƙasar tukunyar ta bushe ta tsage har ta janye daga gefe. Na kai hannu na ɗan taɓa karan, ganye shida suka zubo a lokaci guda. Kafin Litinin saura biyar.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi. Ta bi ƙasa da lalube ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a bakin zanenta, wurin da ta taɓa ƙulle lemo uku. Ta koma gado ta juya wa ɗakin baya. Na kusa shekara sittin a duniya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Allon ba ni na kafa shi ba, wutar ba ni na kawo ta ba, amma makunnin yana nan a bango, taku biyu daga inda nake tsayawa ina alfahari. Tsohuwa mai yana a ido ta gaya min sau biyu, na zaɓi in yarda da kwali.

Da Malamin Gona ya dawo, an ce masa ya sake zuwa da wani sabon hoto, bai ko ajiye jaka ba na jawo shi sama. Ya daɗe yana kallon Auta. Sai ya sa farce ya ɗan kankare bawon karan can ƙasa. Ciki kore ne, da ɗan danshi. Ya ce da sauran rai, amma kada in yi murna tukuna. A yanke ƙonannun rassa. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada a cika. Kada a kusance shi da taki, marar lafiya ba a ɗura masa. A cire wannan fitilar gidan rawa a kawo fara, a mayar taƙi biyu. In kuma taima nake so, akwai mai batir a ciki wadda ba ta mantuwa in an ɗauke wuta. Sannan a jira, mako biyu, uku, wataƙila fiye.

Na koma shago na ɗauko kwalin nan mai jin kunya. Taima kuwa ban saya ba. Na sa aka ja waya aka kafa makunni a jikin gadon Inna, daidai inda hannunta ke kaiwa. Na ce daga yau ita ce hukumar wutar ɗakin nan. Na lura kullum da magariba takan miƙa hannu ta danna shi, ko akwai wuta ko babu, da safe ta mayar.

Kwana goma sha tara ke nan. Ganye biyar, ba ƙari. Inna ta daina ƙirgawa, ta ce abin da bai wuce yatsun hannu ɗaya ba ai ba ya bukatar ƙirga. Kwano yana shiga yana fitowa kusan yadda yake. Wuyan rigarta ya yi mata yawa. Maiɗakina ta gwada cika gishiri da gangan ko za ta tanka, ba ta tanka ba. Shi ya sa yau na ɗauki takarda na tafi roƙon rana a ofis, don na rasa inda zan sa kaina.

Na dawo da la'asar, ƙafafu sun yi nauyi, hula a ka. A matakala Tela ya yi min murnar samun muƙami. Ina shiga falo maiɗakina ta fito daga ɗakin Inna da kwano, ta karkato min shi. Wayam, har an suɗe.

Inna tana zaune a bakin gado, tukunyar a gabanta. Ta ce in matso. Ta kama yatsana manuni kamar yadda take kamawa in za ta tsallakar da ni titi ina ƙarami, ta bi da shi jikin karan a hankali, ta wuce ganye na ɗaya, na biyu, ta tsaya a saman na uku. Na ji wani ɗan tsiro, bai kai kan ashana ba. Sai da na durƙusa na kawo ido kusa sannan na gan shi, kore, ɗanye, yana sheƙi.

Ta ce, "Shida."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na daɗe a wurin. Can ta shafa kaina ta ji baƙon abu, ta tambayi mene ne. Na ce hula ce manya suka ba ni, da hoton bishiya a jiki. Ta cire ta, ta lalubo zanen da yatsa, ta murza, ta kai hanci. Ta miƙo min abata ta ce wannan ba ta da ƙamshi.

Allon yana nan, an ma sa masa fitilu huɗu masu haska fuskar Mai Girma. Wuta ta koma awa ukunta, kuma ina miƙa godiya ta musamman ga masu ɗauke ta, Allah ya ƙara musu ƙwazo. Roƙona ɗaya gare ku, masu karatu: maganar tohon nan ta tsaya tsakaninmu. A cikin miliyan ɗayan da aka yi alkawari, shi kaɗai na san ya fito a unguwarmu, kuma in labari ya kai sama, za su zo ƙaddamar da shi. Auta ba zai iya da wata wutar kwana shida ba.